Kwalbar da Goggo Filaya Ba Ta Buɗe Ba

Baba Kwalba ba shi da tsawo, ba shi da jiki, muryar ma 'yar kaɗan ce. In ya shigo layinmu a kan kekensa, sai ka fara jin ƙarar kwalabe daga kwandon baya kafin ka ga mutum. Da wannan ƙarar matan layi ke gane la'asar ta yi nisa, a kwashe shanya. Sunansa na yanka kuwa, shi kansa sai ya ɗan yi tunani kafin ya tuno.

Aikinsa wankin kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Shekara ashirin da bakwai yana tsaye a bakin famfo ɗaya, cikin farar riga mai kai masa har ƙwauri, yana zura buroshi cikin 'yan siraran kwalaben da ɗalibai suka ɓata. Karatunsa bai wuce ya rubuta sunansa ya gane lambobi ba, amma in ya zauna a bencin mai aski sai ka rantse shi ya koyar da malaman. "Mu masana kimiyya," haka yake buɗe magana. Mai aski ya taɓa tambayarsa, "Baba, a kimiyyar wane fanni ka ƙware, sabulu ko soso?" Kwana uku bai gaishe shi ba.

Ba ya ƙarya sai ta bencin aski, ba ya faɗa, ba ya gulma. Cutarsa ɗaya ce: ba ya iya ganin an yar da kwalba. In ya ga kwalba a kwandon shara, sai ka ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya tsinci jariri. Ya ɗauka, ya wanke, ya ɗaga ta a rana ya leƙa, ya kawo gida. Gishirinsu a kwalba, maɓallai a kwalba, ƙusoshi a kwalba, har akwai wata katuwar kwalba da ba komai a cikinta sai murafan wasu kwalaben. Ƙarƙashin gadonsu kuwa, ɓera ma sai ya yi sallama kafin ya samu wurin wucewa.

Matarsa ita ce Goggo Filaya. Ta yi biyunsa a faɗi, ta fi shi da kai guda a tsawo, kuma Allah ya ba ta hannu. Duk murfin da ya gagari layin nan, wurinta ake kaiwa. Tana da tsarinta wanda ba ta sauyawa. Da farko ta naɗe murfin da tsumma ta murɗa. In ya ƙi, ta zuba masa ruwan zafi. In ya sake ƙi, ta ƙwanƙwasa gefensa da gindin cokali sau uku, ta murɗa, sai ka ji ya yi ƙara ya sallama. Shekara talatin da aurensu, ba murfin da ya taɓa kwana a gidanta a rufe in ta yi niyya. Kuma mace ce da in ka ce mata "bari", to ka ce mata "yi sauri" ke nan. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, daga shi sai ita a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida.

To, a shekarar da abin ya faru, aka kawo sabuwar shugaba ɗakin gwaje-gwajen. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta kai babbar 'yar Baba shekaru ba, kowa Dakta yake ce mata. Tana zuwa ta kafa dokoki: ba cin abinci a ɗakin, ba taɓa sinadari sai da safar hannu, duk kwalbar da aka buɗe a rubuta ranar a jikinta. Baba ya zo benci yana taɓe baki. "Yarinyar nan, ranar da na fara wanke kwalba ko rarrafe ba ta fara ba."

Sai Dakta ta ce za a kwashe tsohon ɗakin ajiya, a fitar da duk abin da ya tsufa. Nan hankalin Baba ya tashi, don akwai wata kwalba da ya yi shekaru yana so. A can lungun kanta ta ƙasa take, bayan kwalaye, mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai faɗin kafaɗa, da baƙin murfi. Takardar jikinta ta yi ja don tsufa, ba abin da ake gani sai hoton harshen wuta. Ruwan ciki bai kai rabi ba. Duk sati in ya zo shara sai ya goge mata ƙura. Da ma jira yake a ƙarar da ruwan ya ɗauke ta, amma malamin da ke amfani da shi ya yi ritaya tun tuni, kowa ya manta da ita.

Ranar Talata da yamma ya ga Dakta ta shiga ɗakin ajiya da tocila, ta jima, ta fito da sauri, ta kulle ƙofa, ta wuce ofis tana latsa waya. Ya ce a ransa, shi ke nan, gobe kwalbata ta tafi bola. Abin da Dakta ba ta sani ba, Baba na da nasa makullin tun zamanin shugaba na farko, a ɗaure da igiyar wandonsa. Ana tashi daga aiki ya buɗe, ya rungumo kwalbar, ya naɗe ta da tsohon buhu, ya sa a kwandon keke. Haka ya taho da ita gida, ta kan ramuka da duwatsu, tana ta tsalle a bayansa.

A tsakar gida ya gwada murfin. Ya ƙi. Ya ga wani farin gari kamar gishiri ya daskare a bakinsa, ya ɗan kankare da farce, ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ko motsi.

Goggo na kallonsa tana dariya. "Malam, ajiye kafin ka ɓalla ƙashi. Hannun soso ne zai buɗe wannan?"

"To ke ki buɗe gobe, ki zubar da ruwan a kwata, ki wanke min ita."

"Sai na gama wanki. Kafin azahar zan gama da ita, in ka dawo ka tarar da ita a kife."

"Amma kar ki kai ta kusa da wuta. Kin ga hoton nan? Mu masana kimiyya mun san irin wannan sanyi yake so."

Ya buɗe firij ɗinsu, ya ture tukunya gefe, ya zaunar da kwalbar. Ai a wurin aiki ma ya sha ganin ana sa irin waɗannan a firij. Kwana biyu ke nan da ɗauke wutar lantarki a unguwar, firij ɗin ba wani sanyin kirki, amma ya ce gobe za a kawo, kamar yadda aka saba, wajen tsakar rana. Ya rufe ƙofar yana jin daɗin hikimarsa.

Washegari wajen ƙarfe goma sha ɗaya Dakta ta tara duk ma'aikata a bakin ɗakin ajiya. Baba bai taɓa ganin fuskarta haka ba. Tabarau ɗin ma a hannu ta riƙe.

"Jiya na ga wata kwalba a lungun can, na kulle ɗakin nan da hannuna. Yanzu na zo, babu ita. Ba na neman ɓarawo. Ina neman kwalbar, kafin ta kashe wani."

Baba ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Saura masa shekara uku ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ya ce a ransa, yarinya ce, tsoratarwa take yi.

"Abin da ke ciki sunansa eta," in ji Dakta. "Shi ake shaƙa wa marasa lafiya a da kafin a yi musu aiki. Sabonsa ma abin tsoro ne. Hucinsa ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa. Sai ya rarrafa ya je ya samu wuta a can nesa, wutar ta biyo shi ta dawo har cikin kwalbar. To wannan ba sabo ba ne. An buɗe shi an rufe fiye da shekara goma. In eta ya daɗe da iska a cikinsa, yana haifar da wani farin abu kamar gishiri, ya taru a bakin murfi. Na gan shi jiya da idona, shi ya sa ban taɓa ba, na kira masu aikin kwashe irinsa."

Baba ya dubi farcen babban yatsansa. Har yanzu akwai ɗan fari-fari a ƙarƙashinsa.

"Wannan farin abin ba ya buƙatar ashana," ta ci gaba. "Ka murɗa murfin, ko ka ƙwanƙwasa shi, ko ka ɗumama shi, ya isa. Wanda ke riƙe da kwalbar, ba hannu, ba fuska. Wanda ke kusa kuma, gilas da wuta."

Murɗawa, ɗumamawa, ƙwanƙwasawa. Kamar ta zauna a tsakar gidansu ta haddace tsarin Goggo. Baba ya buɗe baki, sai wata murya ta fito wadda shi ma bai san ta ba.

"Dakta, in misali... in mutum ya sa ta a firij fa? Ai da sauƙi ko?"

Ta juyo a hankali. "Wane firij?"

"Na gida. Misali nake yi."

"Namu na nan na musamman ne, ba abin da ke tartsatsi a cikinsa. Na gida kuwa, duk lokacin da injinsa zai tashi sai ya yi ɗan tartsatsi. In huci ya cika cikinsa, ƙofar firij ɗin ma sai a tsince ta a gidan maƙwabta." Ta mayar da tabarau ta dube shi sosai. "Baba. Ina kwalbar?"

Ya so ya ce bai sani ba. Wallahi ya so. Sai ya hango Goggo a kan 'yar kujerarta, da tsumma a hannu.

"Tana gidana, ranki ya daɗe. Na ce wa matata ta buɗe, ta ce kafin azahar."

Dakta ba ta zage shi ba, ba ta ma yi salati da ƙarfi ba. Ta miƙa masa wayarta kawai. "Kira ta." Tasa wayar ta mutu tun jiya saboda rashin wuta. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta Goggo. Ya danna, sau biyu yana kuskure. A kashe take. Wayar Goggo ma ta mutu, ai gida ɗaya suke, rashin wuta ɗaya.

"Mota," in ji Dakta.

Baba bai taɓa shiga gaban mota irin wannan ba, amma ba zai iya faɗa maka ko kalar kujerar ba. Agogon da ke gabansa kawai yake kallo. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Yana lissafa wankin Goggo: zannuwa huɗu, rigunansa biyu, labulen ƙofa. In ta haɗa da labulen, akwai sauran lokaci. In ta bar shi sai gobe fa? Bai taɓa roƙon Allah a kan labule ba sai ranar.

Dakta na tuƙi da hannu ɗaya, tana waya da ma'aikatan kashe gobara da ɗayan, tana tambayarsa kwatance. Da ta ajiye wayar ta ce, "Saurara, Baba. In mun isa, kar ka yi ihu. In ta firgita ta saki kwalbar, an gama. Kar ka karɓe ta daga hannunta, kar ku yi ja-in-ja. Ina mitar wutarku take?"

"A zaure, bayan ƙofa."

"Kana shiga ka kashe ta. Da me take girki?"

"Gawayi."

Dakta ta ciji leɓe. "Ka ce ka gwada murfin jiya?"

"Sau biyu. Har na kankare garin da farce. Na kuma ɗauko ta a keke."

Ta dube shi, ta dubi hanya. "To Allah na son ka. Kar mu sake gwada shi."

A bakin kasuwa wata babbar mota ta lalace ta tare hanya, motoci sun yi cirko-cirko, kowa na danna ham. Sha biyu saura kwata. Baba bai jira ba, ya ɓalle ƙofa ya fita da gudu. Mutumin da ko hawa keke sai ya yi nishi, ranar ya tsallake kwata biyu, ya ratsa ta tsakanin teburan masu tumatir, takalminsa ɗaya ya tsaya a taɓo bai waiwaya ba. Dakta ta bar motar a gefen hanya ta biyo shi, da nata takalman a hannu. Mutanen layi suka ga Baba Kwalba a guje cikin farar riga, wata 'yar gayu mai tabarau na bin sa ba takalmi. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Yau kuma kwalbar wa ya ɗauka?" Bai san gaskiya ya faɗa ba.

Baba ya faɗa zaure, ya wuce mita ko kallonta bai yi ba. A bakin tsakar gida ya ja ya tsaya.

Shanya ta cika igiya, har da labulen. Goggo na zaune a kan 'yar kujerarta, kwalbar a kan cinyarta, ta tallafe ta da hannun hagu, tsumma a naɗe a murfin. A hannun dama cokali. Taku uku daga ƙafarta, murhun gawayi ya yi jajir, butar shayi a kai ta fara huci. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na asibiti, ya cika wurin.

"A'a, Malam, lafiya da tsakar rana? Ina takalminka?" Ta ɗaga kwalbar kaɗan. "Ka ga 'yar banzar nan taka. Na murɗa sau ɗaya ta ƙi. Duk ta cika min firij da wari, ina buɗewa sai da kaina ya juya, na ciro ta na mayar da ƙofar na rufe. Bari ruwan nan ya tafasa ta ga aiki."

Ihu ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi. Ya san matarsa. In ya ce "bari", cokalin nan zai sauka. Shekara talatin bai taɓa hana ta abu ta hanu ba. Sai kawai ya zube a kan gwiwoyinsa cikin ruwan wanki.

"Uwar 'ya'yana," ya ce, a hankali kamar mai tsoron tada barci. "Don girman Allah kar ki motsa."

"Me ka sha?"

"Ban sha komai ba. Ƙarya na yi miki. Ban san abin da ke cikin kwalbar nan ba. Ban taɓa sanin abin da ke cikin ko ɗaya ba. Ni mai wanki ne."

Wannan ce ta tsayar da ita. Da zagi ya yi, da ta rama. Da umarni ya ba da, da ta karya. Amma tunda take ba ta taɓa jin mutumin nan ya ce bai sani ba. Ta dubi fuskarsa, ta ga hawaye da gumi sun haɗu suna sauka ta gemunsa. Cokalin ya tsaya a sama.

Dakta ta shigo a bayansa tana haki, ta tsaya nesa kaɗan, ta yi magana da murya mai sanyi. "Sannu Goggo. Ni ce shugabarsa a wurin aiki. Abin da ke cinyarki yana iya fashewa in an murɗa shi ko an buga shi. Ba abin da zai faru in kin zauna yadda kike. Ki saki cokalin a kan zaninki, kar ya taɓa kwalbar. Yawwa. Yanzu ki riƙe ta da hannu biyu, ta ciki, ba ta murfi ba."

Goggo ta yi yadda aka ce. "'Yar nan, fashewa kamar ta taya?"

"Ta fi haka, Goggo." Ta juya. "Baba, wutar can."

Ga baho cike da ruwan ɗauraya a gefensa, ga tsummokara a igiya. Amma tsoro ya toshe wa Baba kai. Ya rarrafa, ya ture butar gefe, ya sa hannuwansa biyu tsirara ya ɗauki murhun ƙarfe da garwashinsa, ya miƙe, ya fita da shi ta zaure har tsakiyar titi, ya ajiye. Daga baya ya ce bai ji zafi ba sai da ya ga mai aski ya toshe hanci. Ya dawo da hannuwa a buɗe a gabansa kamar mai addu'a.

Kafin nan Dakta ta zare zani biyu daga igiya, ta ninka su, ta yi musu gurbi a ƙasa a gaban Goggo, cikin inuwa. "Yanzu saura aikinki, Goggo. Ki sauke ta nan, a tsaye, a hankali. Kar ta karkace, kar ta bugu. An ce min hannunki ba ya rawa."

"Wa ya ce miki?"

"Mijinki, a mota. Ya faɗa ya fi sau biyar."

Gwiwoyin Goggo ne ke rawa, har kujerar na ƙara. Baba ya matso ya durƙusa ya tokare gwiwarta da kafaɗarsa, tunda hannuwan sun tashi daga aiki. Ya san in abin ya tashi, fuskarsa ce a kusa. Bai matsa ba. Ta ɗaga kwalbar daga cinyarta. Ruwan ciki ya yi ɗan lilo, su ukun suka daina numfashi. Ta sunkuya, tana sauke ta kaɗan-kaɗan, irin saukar da ake yi wa jariri mai barcin wahala. Daga cinya zuwa ƙasa bai fi kamu biyu ba, amma Baba ya ce a tsakanin nan ya tuna ranar aurensu, da haihuwar 'yarsu ta fari, da wani faɗa da suka yi a kan murfin tukunya. Gindin kwalbar ya taɓa zani. Ta zauna daram.

"Saki yatsunki ɗaya bayan ɗaya. Madalla. Ku tashi, ba gudu, kar ku taɓa igiyar shanya."

Suka fito a jere, suna ɗaga ƙafa kamar masu tafiya a kan ƙwai. Suna sa ƙafa a titi, sai rediyon tela ya ɓarke da waƙa, fankar shagon mai aski ta fara juyawa, wata mata ta yi guɗa daga bayan katanga: "An kawo wuta!"

Baba ya tuna firij. Ya tuna mitar da ya wuce. Ya ƙwalla wata irin ƙara, wadda har yau in ana son tsokanarsa ita ake kwaikwaya, ya rungume Goggo ya nemi ya kayar da ita ƙasa ya rufe ta da jikinsa. Ina! Kamar kaza ta ce za ta rufe buhun masara. Goggo ko gezau, shi ne ya rataye a jikinta ido a rufe yana jiran ƙara.

Shiru. Sai waƙar rediyo.

"Na kashe mitar da na shigo," in ji Dakta. Sai a lokacin ita ma ta zauna a bakin kwata, ta cire tabarau, ta rufe fuska da hannu.

Ma'aikatan kashe gobara suka iso suka kori kowa daga gidaje shida na kusa, suka ja igiya a bakin layi. Aka kai Baba ɗakin magani aka naɗe masa hannuwa, suka zama kamar ya sa filo biyu. Bayan la'asar masu kwashe irin wannan kaya suka zo da kayan jiki masu kauri da gilashi a fuska. Suka buɗe tagogi, suka buɗe firij daga nesa da igiya, aka bar shi ya sha iska, abincin ciki duk aka zubar. Kwalbar kuwa, a cikin wani ƙaton bokitin ƙarfe mai yashi suka fito da ita, mutum biyu na tafiya kamar masu ɗauke da gawa. Duk surutun layinmu, ranar ko tari ba wanda ya yi.

Dakta ta ce sai Baba ya je ya gani. A wani fili bayan gari masu kwashewar suka ajiye kwalbar a rami, kowa ya koma can nesa bayan motoci, suka tayar da ita da wata doguwar wayar wuta. Ƙarar ta daki ƙirjinsa kafin ta shiga kunnensa, wuta ta yi sama ta fi tsawon mutum biyu. Da aka ba da izini ya matsa ya leƙa. Ba kwalba, ba murfi, sai baƙar ƙasa da ɓarɓashin gilas a warwatse, wani ya soke a jikin bishiya taku goma daga ramin. Ya tsaya yana auna faɗin wurin da ido, yana auna cinyar Goggo. Sai ya zauna a ƙasa. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Ba a kore shi ba. An ba shi takardar gargaɗi, wadda mai aski ya karanta masa sau biyu da ƙarin gishiri, Dakta kuma ta karɓe makullin, har da igiyar. Ta zo gidan da kanta ta duba kwalaben ƙarƙashin gado. Da ta ga irin kwalbar da suke zuba gishiri a ciki shekara tara, sai ta nemi kujera. Amalanke guda aka cika aka mayar kwaleji. Hukuncin da ya fi yi masa ciwo shi ne, duk shekara in sababbin ɗalibai sun zo, sai ta tsayar da shi a gabansu ya ba da labarin da bakinsa, ya buɗe musu tafin hannuwansa su ga tabon murhu. Da farko yana jin kunya. Yanzu kuwa har ya fara ƙara wa kwatocin da ya tsallake yawa, bara sun kai bakwai.

Kekensa ya daina ƙara, matan layi har sun sha barin shanya ta yi yamma. A benci kuma ya daina cewa "mu masana kimiyya". In aka tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ce a bari ya tambayo Dakta.

Goggo dai ba ta yarda kwalbar ta fi ƙarfinta ba. Har gobe cewa take, "Da an ba ni minti biyu da na buɗe ta." In ta faɗa sai Baba ya ce, "Na sani. Abin da ya sa na yi gudu ke nan." Amma yanzu in an kawo mata murfi, ba ta karɓa sai ta tambaya me ke ciki, wa ya zuba, tun yaushe. Rannan matar tela ta kawo mata kwalbar zuma, Goggo ta juya ta, ta duba bakin murfin, ta ga ɗan fari-fari ya daskare.

"Wannan mene ne?"

"Haba Goggo, zuma ce ta yi sukari."

"Kin tabbata?"

"Ni na zuba da hannuna."

Goggo ta naɗa tsumma, ta gyara zama. Kafin ta murɗa ta ɗaga kai ta nemi mijinta. Yana can ƙarshen layi, a bayan bencin mai aski, ya toshe kunnuwa da hannuwansa masu tabo, yana leƙen ƙofar gidan.